Kundin karatun Asabar: 'ya'yan Bennet biyar a tsakar gidan Gwaggo

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Yau muka fara. Aikin da na ɗauka shi ne in riƙa ba da labarin littafin Jane Austen, Pride and Prejudice, da Hausa, babi-babi, ga matan gidanmu da na maƙwabta a nan Birnin Kebbi. Muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar a tsakar gidan Gwaggo. Ƙanwata tana ɗaukar muryar a waya don a tura wa 'yan'uwa da ke Jega da Argungu ta WhatsApp, ni kuma da dare in rubuta abin da aka tattauna. Idan Allah Ya kai mu ƙarshen babi 61 ɗin, burina in haɗa labarin da muhawarar su zama ɗan littafi.

Turanci nake koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne ɗalibai suna ɗaukar wannan littafi labarin soyayya zalla. Alhali da wuya namiji ya shigo cikinsa ba a faɗi abin da yake samu a shekara ba, da wuya a ambaci budurwa ba a faɗi abin da za ta shiga gidan miji da shi ba. Ina so in ji abin da matan da suka aurar, aka aurar da su, wasu aka sake su, wasu mazan suka rasu, za su ce game da shi.

Na fara da nuna musu zamanin. An buga littafin a Landan a 1813, babu ma sunan marubuciyar a bangonsa. Ta rasu a 1817, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu. Da na faɗi haka sai aka yi ta gyaɗa kai, kowa ta gane nisan.

Mun yi babi shida na farko. Mista Bennet yana da gida da gonaki a Longbourn da ke kawo masa fam 2,000 a shekara, da 'ya'ya mata biyar: Jane, Elizabeth, Mary, Kitty da Lydia. Wani saurayi, Bingley, mai samun fam dubu huɗu zuwa biyar, ya kama hayar babban gida a kusa da su, ya zo da abokinsa Darcy mai fam 10,000. Uwar 'yan matan ta hana kanta sukuni, ta hana mijinta. 'Yan matan da ke zaune sun yi mata dariya sosai. Gwaggo ba ta yi ba. Ta ce, "Ku bar dariya. Wagga mata ba ta da laihi. Ɗiya biyar gare ta, ba namiji. Wa za shi riƙe su in tsohon ya faɗi?" Ban gaya mata komai game da gadon ba tukuna, amma ta riga ta hango inda matsalar take.

Asabar, 20 ga Janairu

Babi na 7 zuwa 15. Sanyi ya matsa, muka koma cikin zaure.

Yau aka zo kan gadon. Na yi bayani a hankali: kakannin Bennet sun ɗaure gidan da gonakin da wata ƙa'ida ta dokar Ingila ta wancan lokaci, cewa namiji kaɗai zai gaje su. Tunda Bennet bai haifi ɗa ba, ranar da ya mutu komai zai koma hannun wani ɗan'uwansa na nesa, Collins, limamin coci, wanda 'yan matan ba su taɓa gani ba. Yana da ikon ya fitar da su da uwarsu daga gidan da aka haife su. Abin da zai rage musu fam 5,000 ne da aka keɓe tun lokacin auren iyayen, wato kowace yarinya fam dubu ɗaya bayan ran uwar. Idan aka ajiye fam dubu a wurin gwamnati a kan ribar huɗu bisa ɗari, fam 40 yake bayarwa a shekara. Yarinyar da ta tashi a gidan fam 2,000 za ta koma rayuwa da 40.

Zauren ya yi tsit, sannan malamar Islamiyyar unguwarmu ta nemi takarda da biro. Ta ce bari mu raba wannan gado yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka tsara. 'Ya'ya mata fiye da biyu, babu ɗa namiji: sulusi biyu. Matar mamaci, tunda akwai 'ya'ya: tumuni. Aka kasa dukiyar kashi 24, 'yan mata suka ɗauki 16, uwarsu 3, saura 5 su ne na asaba, wato Collins idan ta wajen uba yake kuma babu wanda ya fi shi kusa. Muka auna da fam 2,000 ɗin nan, sai ga kowace yarinya da wajen fam 267 a shekara, uwar da 250 nata na kanta. Malama ta ajiye biro ta ce, "Da haka aka yi musu, da uwar nan ta yi barci."

Murna ta kama 'yan matan, ana ta cewa alhamdu lillahi da Musulunci. Ni ma na ce haka, kuma har zuciyata. Amma wata bazawara da ke sana'ar gumin shinkafa tare da Gwaggo ta yi magana a hankali, ta ce mahaifinsu ya bar gona a fadama, shekaru sun shuɗe ba a raba ba. Yayyenta maza ke noma ta, idan an yi girbin shinkafa a aiko mata da buhu ɗaya da sunan alheri. Ta ce in ta yi maganar rabo sai a ce tana son raba zumunci. Kafin a tashi, wasu biyu sun faɗi kwatankwacin wannan. A wurin 'ya'yan Bennet doka ce ta hana su. A wurinmu Allah Ya bayar a rubuce, kunya da al'ada da ƙarfin 'yan'uwa maza suka riƙe. Sakamakon a rayuwar yarinya kusan ɗaya ne: ta tashi ba ta da abin da za ta ce nata, sai ta zuba wa aure ido ya zame mata gona da rumbu gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da nake so ɗan littafin nan ya tsaya a kai, kuma na ji daɗi da ya fito daga bakinsu kafin nawa.

Asabar, 3 ga Fabrairu

'Yan Argungu sun ce ƙarar injin niƙa na maƙwabta tana danne murya. Mun matsar da zaman zuwa ƙarfe biyar, lokacin da ake kashe shi.

Babi na 19 da na 20: Collins ya nemi auren Elizabeth. Ya jero dalilansa ɗaya bayan ɗaya, har da cewa uwar ɗakinsa, Lady Catherine, ce ta umarce shi ya yi aure, ya kuma tuna wa yarinyar ƙarancin abin da za ta gada. Ta ƙi. Uwar ta yi rantsuwar ba za ta sake kallonta ba, uban ya tsaya bayan 'yarsa. Kowa ya yaba wa uban sai Gwaggo, wadda ta ce tsayawa bayan ɗiya da baki abu ne mai sauƙi, ita tana so ta ji me ya tara musu. Na ce mata amsar tana can babi na 50, ta yi haƙuri.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ranar Charlotte. Ba mu wuce babi na 22 ba, kuma sai da aka kira magariba ana magana.

Charlotte Lucas aminiyar Elizabeth ce. Shekarunta 27, ba kyakkyawa ba ce, gidansu akwai suna amma babu dukiyar da za a ba ta, ga ƙanne a bayanta. Kwana biyu kacal bayan Elizabeth ta ƙi Collins, ya nemi Charlotte ta amsa nan take. Ta san ba shi da wayo, ta san zama da shi ba daɗi. Ta gaya wa ƙawarta a fili cewa ita ba mai mafarkin soyayya ba ce, gida mai rufin asiri kawai take nema. Marubuciyar ta ƙara wani abu da ya taɓa ni: ƙannenta maza sun huta da fargabar za ta tsufa a hannunsu.

Ɗalibaina biyu da ke zuwa zaman suka yi mata ca. Ɗaya ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ta sayar da kanta saboda gida. Ɗayar ta ce cin amana ne ma, tunda gidan da za ta gada wata rana gidan su Elizabeth ne. Amaryar maƙwabcinmu ta ce da babu gara ba daɗi. Sai wata yayarmu, wadda ta daɗe a gida kafin Allah Ya kawo mata miji, ta ce da su, "Ƙannena, ba ku taɓa zama a gidan biki ana tambayar uwarku yaushe za a sha naku ba. Ba ku taɓa jin matar yayanku tana ƙirga loman da kuka ci ba." Ba wanda ya amsa mata.

Ga nawa ra'ayin, kuma na faɗe shi a wurin. Ban ga kwaɗayi a lamarin Charlotte ba. Mai kwaɗayi yana da abin da zai ishe shi, ya hango na gaba. Ita ba ta da komai. A Ingilar 1813 yarinya mai irin matsayinta ba ta da hanyar shiga jami'a, ba ta da hanyar zama likita ko lauya. Abin da ya rage mata shi ne ta zama mai koyar da 'ya'yan masu kuɗi a gidajensu, ko ta zauna tana cin arzikin 'yan'uwa. Ta duba ƙofofin da ke buɗe ta shiga wadda ta fi rufa mata asiri. Ban ce ta yi dace ba. Zama da mijin da kike jin kunyar maganarsa a gaban baƙi ciwo ne na kullum. Amma idan za a tuhumi wani, a fara da waɗanda suka tsara duniyar da mace mai hankali kamar Charlotte ba ta da hanyar ci sai ta hannun Collins.

Na kuma ba su labarin marubuciyar kanta, don ya shafi zancen kai tsaye. A Disambar 1802, ana saura makonni kaɗan ta cika shekara 27, wani magajin babban gida mai suna Harris Bigg-Wither ya nemi aurenta. Ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Ba ta taɓa aure ba har ta rasu. Bayan rasuwar mahaifinsu a 1805, ita da yayarta da mahaifiyarsu sun dogara da taimakon 'yan'uwanta maza, har ɗaya daga cikinsu ya ba su gida a ƙauyen Chawton a 1809. Wannan littafi da duniya ke karantawa har yau, fam 110 ta sayar da haƙƙinsa. Wadda ta rubuta Charlotte ta tsaya a daidai inda Charlotte ta tsaya, ta zaɓi ɗayar hanyar, ta kuma san tsadarta. Ina ganin shi ya sa ba ta wulaƙanta ta a littafin ba.

Da aka tura muryar Jega, wata innarmu ta aiko da amsa mai tsawo. Taƙaitawarta: a daina tambayar yarinya me ya sa ta bi mai kuɗi, a tambayi iyaye me suka koya mata da za ta riƙe kanta. Na nemi izininta in saka maganar a littafin ba tare da suna ba, ta yarda.

Asabar, 2 ga Maris

Babi na 26 zuwa 35, da ɗan gudu, don azumi ya ƙarato.

Yau aka juya kan maza. Wickham, wani hafsan soja mai daɗin baki da ya riƙa nuna sha'awar Elizabeth, ya bar ta ya koma wa wata Miss King da zarar ta gaji fam 10,000. Daga baya wasiƙar da Darcy ya rubuta wa Elizabeth ta tona cewa ya taɓa yunƙurin gudu da ƙanwar Darcy, yarinya 'yar shekara 15, saboda fam 30,000 ɗinta. Har Kanar Fitzwilliam, ɗan'uwan Darcy, mutumin kirki, ya gaya wa Elizabeth cewa ƙananan 'ya'yan manya ba sa iya auren wadda ransu ke so ba tare da duba abin hannunta ba. Na yi musu bayanin dalilin: a dokar Ingila ta lokacin, abin da mace ta mallaka yakan koma ikon mijinta da zarar an ɗaura aure, sai fa abin da aka keɓe mata a rubuce tun kafin auren. Sai a 1870 da 1882 majalisarsu ta yi dokokin da suka bar wa matar aure dukiyarta. Malama ta tuna mana cewa a Musulunci sadaki da gado da abin da mace ta samu da sana'arta nata ne, miji ba shi da iko da su sai abin da ta ba shi da daɗin rai. Matan suka ce sun sani, amma sun kuma san samarin da ke neman malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da idon albashinta, da wanda ke auna 'yar gida da yawan kayan ɗaki da garar da za a kawo.

Mun ga Charlotte a gidanta na Hunsford. Ta zaɓi ɗakin baya don zamanta saboda kada mijin ya yawaita leƙo ta, tana kuma ƙarfafa masa gwiwar yin aikin lambu. Matan aure sun gane wannan dabara ba sai na yi bayani ba. Wata ta ce ba farin ciki ba ne, amma zama ne.

Neman auren Darcy na farko, a babi na 34, ya fusata kowa. Mutum ya zo neman yarinya yana lissafa mata ƙasƙancin danginta. Elizabeth ta ƙi fam 10,000 a tsaye. Na ja hankalinsu ga abu ɗaya: ta ƙi shi ne tana sane da fam 40 ɗin da ke jiranta.

Za mu dakata sai bayan Sallah.

Asabar, 20 ga Afrilu

Mun dawo, zafi ya yi tsanani, mun koma ƙarƙashin darbejiya. A cikin azumi na kammala rubuta babi 1 zuwa 22 a kwamfuta.

Babi na 42 zuwa 52. Lydia, 'yar shekara 16, ta gudu da Wickham daga Brighton ba aure. Ba shi da niyyar aurenta, don yana sa ran samun mai kuɗi a wani wuri. Sai da Darcy ya biya masa basussukan da suka haura fam dubu, ya ƙara wa Lydia wani dubun, ya saya masa muƙami a soja, sannan aka ɗaura. Wata ta ce wannan ango sayensa aka yi.

Gwaggo ta sami amsar da ta jira tun Fabrairu. Babi na 50 ya nuna Bennet bai taɓa ajiye komai ba, saboda ya sakankance zai haifi ɗa namiji da zai warware ƙa'idar gadon. Babi na 42 kuma ya nuna shi kansa kyau da ƙuruciya ya bi ya auri matar da daga baya ya raina, ya shige ɗakin karatunsa ya bar ta da tarbiyyar yara. Gwaggo ta ce, "Awo. Shi anka yaba, ita anka yi ma dariya, alhali ita ɗai ka tunanin gobensu." Na yarda da ita a kan uban. A kan uwar kuwa na ce tsoronta gaskiya ne, amma tsoron ya rufe mata ido har ta yi murnar auren Lydia ba tare da ta tambayi halin mijin ba. Gwaggo ta ce haka tsoro yake yi wa uwa, mun bar shi a nan ba mu daidaita ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Mun kai ƙarshen labarin, aikin kuwa da saura.

A babi na 56 Lady Catherine ta taka har Longbourn don ta hana auren Elizabeth da Darcy, ɗan 'yar'uwarta, tana cewa Elizabeth ba sa'arsa ba ce a asali da dukiya. Wannan ya buɗe zancen kufu, wato miji ya zama sa'ar matar da zai aura. Malama ta ce a mazhabar Malikiyya abin da ake dubawa shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure, ta kuma kawo hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim: ana auren mace don dukiyarta, da asalinta, da kyawunta, da addininta, a rinjayar da ma'abuciyar addini. Amma duk wadda ke zaune ta san gidajen da har yau ake tambayar sana'ar kakan yaro kafin a karɓi gaisuwarsa.

Sai ɗalibata ta yi tambayar da ta fi kowace nauyi: "Malama, da Darcy talaka ne, Elizabeth za ta aure shi?" Na ce mata littafin bai gwada Elizabeth da wannan jarrabawar ba. Zuciyarta ta fara juyawa ne bayan wasiƙarsa, ta ƙara da shaidar da mai kula da gidansa ta yi masa a Pemberley, ta cika da abin da ya yi wa Lydia a ɓoye. Halinsa ta bi, wannan a fili yake. Amma marubuciyar ta haɗa mata mutunci da dukiya a mutum ɗaya, abin da ita kanta ba ta samu ba, kuma mafi yawan mata ba sa samu. Shi ya sa na gaya wa 'yan matan kada su auna rayuwarsu da ƙarshen Elizabeth. Abin ɗauka daga gare ta shi ne abin da ta ƙi a lokacin da ba ta san me ke gaba ba. Maganar da ubanta ya yi mata a babi na 59 ma ta cancanci a riƙe, cewa ba za ta sami kwanciyar hankali ba sai da mijin da take ganin girmansa da gaske.

Inda aikin yake yanzu: an rubuta babi 1 zuwa 35, saura 26. Muryoyin watan Janairu masu ƙarar inji sai an sake ɗaukarsu. Matan sun nemi a saka lissafin gadon da Malama ta yi a shafi na musamman, da misalai na gona da gida da shanu, don kowace ta iya auna nata. Bazawarar nan mai gonar fadama ta ce ta yi magana da kawunsu, ya yarda zai tara yayyenta kafin ruwa ya sauka a fara shuka, ta roƙi Malama ta rubuta mata kason kowa a takarda ta tafi da ita. Asabar mai zuwa ba karatu, za mu zauna a kan wannan takardar.